Niagara: mabuɗin dubban gine-gine ya kwana a waje

Cikin watan Mayu na shekara ta 2013, wasu masu bincike biyu ƴan ƙasar Amurka, Billy Rios da Terry McCorkle, suka bada wata sanarwa wadda ta girgiza masana, ta kuma ba wasu dariya. Ta hanyar intanet kawai, ba tare da fasa ƙofa ko haura katanga ba, sun shiga na'urar da ke kula da wani ginin kampanin Google a birnin Sidni na ƙasar Ostaraliya, ginin da ake kira Wharf 7. Sun ga taswirar bene da ta rufin gidan, sun ga zanen bututun ruwa, sun kuma ga allon da mai kula da ginin ke dannawa in yana son ya ƙara sanyi ko ya rage shi. Kalmar sirrin shugaban na'urar ma ta faɗa hannunsu. Da Turancin Ingilishi aka rubuta ta, «anyonesguess», watau kamar a ce «kowa ya cinka». Ba su taɓa kome ba. Suka sanar da Google, shi kuwa ya cire na'urar daga intanet, ya ce abin da baƙo zai iya yi da ita bai wuce wasa da zafi da sanyin ginin ba.

Abin da ya sa labarin ya yi nauyi shi ne sunan mai gidan. Google kampani ne da ke ɗauke da ƙwararru masu yawa kan sha'anin tsaron na'urori, shi kansa Rios ya taɓa yi masa aiki. In har irin wannan gida ya kwana da ƙofa buɗe bai sani ba, ina ga asibiti, ko otal, ko makarantar da ba ta da ko ma'aikaci ɗaya da ya san inda akwatin yake?

Mine ne Niagara?

Wanda ya shiga babban gini na zamani, zai ga fitilu na kamawa da kansu, ɗakuna na sanyi daidai wa daida, ƙofa na buɗewa in an nuna mata kati, pampo na cika tanki ya tsaya ba wanda ya taɓa shi. Bayan bango akwai ƙananan na'urori masu yawa da ke wannan aiki. Kakanninsu sun fito tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da masana'antun motoci na Amurka suka nemi akwatin da za a riƙa ba shi umurni a rubuce maimakon a yi ta sake ɗaurin wayoyi duk sa'ad da aka canza aiki. Matsalar da aka daɗe ana fama da ita ita ce kowane kampani da harshen da na'urarsa ke ji. Wata na jin Modbus, wanda aka ƙago tun 1979, wata BACnet, wata LonWorks. Na'urar sanyi ba ta fahimtar ta fitila, ta fitila ba ta fahimtar ta ƙofa.

Wani ƙaramin kampani na birnin Richmond, cikin jihar Bajiniya, mai suna Tridium, shi ya zo da tafinta. Manhajar da ya ƙago, watau tsarin umurnin da ke gudana cikin kwamfuta, ya sa mata suna Niagara. Aikinta shi ne ta saurari duk waɗannan harsuna, ta tattara su wuri guda, sa'annan ta nuna su bisa shafi irin na intanet. Ana zuba ta cikin wani ɗan akwati da ake kira JACE, a kafe shi a ɗakin wayoyi, ko kuma a sa ta cikin kwamfuta ta yau da kullum. Daga nan mai kula da gini, ko yana biro ko yana gida bisa gadonsa, sai ya buɗe shafi ya ga zafin kowane ɗaki, ya kashe wannan, ya kunna wancan. Injiniyan da a da yake tuƙa mota awa biyu don ya murɗa abu ɗaya, yanzu daga zaune yake gamawa.

Lalle dabara ce mai kyau, kasuwa kuma ta karɓe ta hannu biyu. Cikin 2005 babban kampanin Honeywell ya saye Tridium. Ya zuwa 2012, bisa ƙididdigar da jaridar Washington Post ta buga, na'urori kimanin miliyon 11 ne cikin ƙasashe 52 ke haɗe ta hanyar Niagara. Cikin masu amfani da ita akwai asibitoci, barikokin soja, gidajen gomnati, filayen jiragen sama irin na Changi a Singafo. Wasu kampanoni ma sukan saye ta su liƙa mata nasu suna su sayar, har mai gini bai san Niagara ce ke cikin akwatinsa ba.

Ɗigo biyu da karan tsaye

Ɓarakar da aka gano ba ta da wuyar fahimta, ko ga wanda bai taɓa riƙa kwamfuta ba. A ɗauki misalin gidan attajiri mai zaure da ɗakuna da yawa. Baƙo iyakarsa zaure. In yana son wani abu, sai ya gaya wa yaron gida, yaro ya ɗauko masa daga cikin kayan da aka ajiye don baƙi. To, a ce yaron nan ba a taɓa gaya masa inda zai tsaya ba. Baƙo ya ce masa: fita ta ƙofar baya, ka ƙara fita ta wadda ke bayanta, ka shiga ɗakin maigida, ka ɗauko mini littafin da ke ƙarƙashin matashi. Yaro ya ruga ya kawo, don shi abin da ya sani kawai shi ne a aike shi ya je.

Haka take ga na'urar da ke raba shafunan intanet. Kundayenta na jere cikin ɗakuna, ɗaki cikin ɗaki. An ware ɗaya don masu ziyara. Amma cikin harshen kwamfuta akwai wata alama, ɗigo biyu da karan da ya jirkice, wadda ma'anarta ita ce «koma ɗakin da ke baya». In manhaja ba ta tace adireshin da aka rubuta mata ba, ko kuma ba a gitta mata iyaka ba, mai ziyara na iya fita daga ɗakin baƙi ya kai ga abin da ba a nufe shi da gani ba. Masana na kiran wannan ƙetare iyakar kundaye.

Littafin da ke ƙarƙashin matashi, a wajen Niagara, wani kundi ne mai suna config.bog. Cikinsa aka rubuta dukan tsarin ginin, har da sunayen masu izinin shiga da kalmominsu na sirri. An lulluɓe kalmomin, amma lulluɓin bai da kauri: Rios da McCorkle sun rubuta ɗan abin da ke warware shi. Wanda ya samu wannan kundi ba ya bukatar sake bin ƙofar baya. Ta babbar ƙofa zai shigo, da sunan maigida, na'urar kuma ta yi masa maraba. Bugu da ƙari, an sami tsare-tsare da yawa da aka bar musu asusun baƙo da na gwaji a buɗe, waɗanda aka yi don nuna wa mai saye yadda abin ke aiki, aka manta ba a rufe ba.

Abin takaici a nan shi ne tsufan ciwon. Ƙetare iyakar kundaye ba sabon abu ba ne cikin 2012. Tun shekara ta 2000 aka gano irinsa cikin manhajar raba shafuna ta Microsoft, kuma cikin Satumba na 2001 wata tsutsar kwamfuta mai suna Nimda ta bi ta wannan kafa ta bazu duniya. Masu rubuta shafunan banki da na kasuwa sun sha wuya sun koyi darasi. Su kuwa masu ƙera na'urorin masana'antu, wata duniya suke daban. Hankalinsu na kan kada inji ya tsaya, kada pampo ya ƙone. Shekara da shekaru na'urorinsu na kulle cikin ɗaki, ba mai kai gare su sai mai mabuɗi a aljihu, saboda haka ba su saba tunanin maƙiyi ba. Ranar da suka buɗe taga zuwa intanet, sai suka gaji dukan cututtukan intanet, ba tare da sun gaji magungunan ba.

Gyara kayanka

Rios tsohon hafsa ne na sojan kundumbalar ruwa na Amurka. Cikin 2011 shi da McCorkle suka ɗaura wa kansu wani aiki a lokacin hutunsu: su nemo kurakurai 100 cikin kwana 100 a manhajojin sarrafa masana'antu. Suka samo ɗaruruwa. Suna miƙa abin da suka gano ga ICS-CERT, wani sashe na ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka da aka ɗora wa kula da irin wannan lamari, shi kuma ya tuntuɓi kampanonin. Ta wannan hanya batun Niagara ya kai ga Tridium. Aka yi watanni ba a ga gyara ba.

Sai da jarida ta shiga. Cikin watan Yuli na 2012, Robert O'Harrow na Washington Post ya buga dogon rahoto a kan Niagara. Ran 13 ga watan, ICS-CERT ya fitar da gargaɗi a fili. Tridium ya aike wa abokan cinikinsa shawarwari: a rufe asusun baƙo da na gwaji, a sa kalmomin sirri masu ƙarfi, a taƙaita masu iya kaiwa ga kundaye, kada kuma a haɗa na'urar kai tsaye da intanet. Facin da ke toshe kafar ya fito cikin Agusta.

Hujjar kampanin tana da ƙamshin gaskiya. Ya ce tun asali an shawarci masu kafa na'urar su ɓoye ta bayan katangar tsaro, a riƙa shigarta ta keɓaɓɓiyar hanya. Amma fa abin da aka yi tallarsa, abin da ya sa mutane suka fidda kuɗinsu, shi ne saukin shiga daga ko'ina. Wanda ya sayar da doki bisa alkawarin gudu, bai kamata ya yi mamaki ba in ya ga mai saye ya sake masa linzami. Kuma kundin da ke ɗauke da kalmomin sirri, ko da katanga ko babu, bai dace a ce mai ziyara na iya kai hannu gare shi ba. Hausawa na cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma cikin wannan sana'a an daɗe ana kallon mai bincike kamar ɓarawo, ana jan ƙafa har sai ya yi barazanar faɗa wa duniya.

A lokacin da ake wannan ja-in-ja, ashe wasu sun riga sun shiga. Wata takarda ta hukumar FBI mai kwanan watan Yuli na 2012, wadda ta fito fili a ƙarshen shekarar, ta bayyana cewa cikin Fabrairu da Maris an kutsa cikin tsarin Niagara na wani kampanin na'urorin sanyi a jihar New Jersey. Na'urar na haɗe da intanet ba katanga. An sa mata kalmar sirri, amma akwai wani adireshi da ke kai mutum ga allon shugaba ba tare da an tambaye shi kome ba. Allon na nuna taswirar biro-biro na kampanin. Abin da ya jawo masu kutsen shi ne wani da ya ɓoye sunansa, wanda cikin Janairu ya yi ta baza adireshin irin waɗannan na'urori a intanet. Shi kuwa kampanin, irin wannan tsari yake kafa wa abokan cinikinsa, har da bankuna.

Mai ƙidayar ƙofofi

Wani zai ce: intanet teku ce, wa zai gano ɗan akwati ɗaya cikin ɗakin wayoyin wata makaranta? Wannan tunani ya mutu tun 2009, shekarar da wani matashi mai suna John Matherly ya buɗe Shodan. Google shafuna yake nema. Shodan kuwa na'urori yake nema: yana bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, yana ƙwanƙwasawa, yana rubuta amsar duk wanda ya amsa. Na'urori kuma ba su iya ɓoye sunansu, da an yi sallama sai su faɗi ko su wane ne da kuma shekarunsu. A farkon 2012 wani ɗalibin jami'ar Kambirij, Éireann Leverett, ya nuna cewa da taimakon Shodan ya ƙidaya na'urorin sarrafa masana'antu fiye da dubu 10 da ke leƙe a intanet, alhali masu su na rantsuwa cewa a killace suke.

Cikin Fabrairu na 2013, wajen wani taron masana da kampanin Kaspersky ya shirya a tsibirin Puwato Riko, Rios da McCorkle suka nuna wata sabuwar kafa cikin Niagara, wadda ta fi ta farko muni, don tana kai mutum ga mallakar akwatin baki ɗaya. Suka ce sun ga tsare-tsaren Niagara wajen dubu 21 a fili cikin intanet. A wannan karon Tridium bai ɓata lokaci ba, cikin watan ya fitar da faci. Watanni uku bayan haka ne, suna bin jerin adireshin da suka tara, suka ci karo da sunan Google. Facin na nan, kyauta, amma ba wanda ya liƙa shi a Wharf 7.

Nan ne ainihin ƙashin bayan matsalar, kuma ya fi kuskuren rubutun manhaja wuyar magani. Wayar hannu takan sabunta kanta cikin dare mai ita na barci. Akwatin da ke ɗakin wayoyi ba ya yin haka. Tridium ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa ɗan kwangila, ɗan kwangila ya kafa, ya karɓi kuɗinsa, ya tafi. Mai ginin ya ba wani haya. Ma'aikatan kwamfuta na mai hayar ba su san da akwatin ba, don a wurinsu kayan masu gyaran sanyi ne, su kuwa masu gyaran sanyi ba a koya musu sha'anin ɓarayin intanet ba. Ɗan kwangila yakan jawo masa layin intanet na daban don ya riƙa dubawa daga nesa, layin da ba ya cikin lissafin kowa. In gargaɗi ya fito daga Washinton, ba a san ma wa za a aika wa ba. Ko an sani, liƙa faci na nufin kiran injiniya, biyan shi, da tsai da na'urar na ɗan lokaci. A asibiti ko masana'anta, ba kowane shugaba ke yarda a kashe abin da ke aiki lafiya lau saboda haɗarin da bai gani da idonsa ba. Ga shi kuma irin waɗannan na'urori sukan yi shekara 15 ko 20 a bango. Akwatin da aka kafa da ciwo, da ciwonsa zai tsufa.

Daga sanyin ɗaki zuwa ruwan sha

Ana iya raina abin a ce iyakarsa a sa ma'aikata gumi. A ginin Google watakila haka ne. Amma sanyi ba jin daɗi kaɗai ba ne. Ɗakin da ake tara manyan kwamfutoci, in sanyi ya ɗauke, cikin ɗan lokaci injuna za su kashe kansu ko su lalace. Ɗakin fiɗa, ma'ajiyar jini, ma'ajiyar allurar rigakafi, duka rayuwarsu na rataye da ma'aunin zafi. A wasu gine-ginen tsarin guda ne ke riƙe da ƙofofi da ƙararrawa. Akwatin kuma kwamfuta ce cikakkiya. In yana haɗe da sauran na'urorin gidan, ya zama tsani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren ba ya tsayawa a bakin tsagar.

Duniya ta fara jin labarin kai hari ga injuna ta hanyar manhaja ne cikin 2010, lokacin da aka gano Stuxnet, wadda ta lalata injunan tace yuraniyom na Iran a Natanz. Wannan aiki ne na masu ƙarfi, ya ci kuɗi da shekaru da ƙwararru. Abin da Niagara ta nuna ya fi shi ban tsoro ta wani fanni, don ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shodan, da adireshi, da haƙurin awa guda sun isa.

Shekarun da suka biyo baya sun kawo misalai masu zafi. Ran 23 ga Disamba na 2015, tsakiyar hunturu, masu kutse suka karɓe allunan kampanoni uku masu raba wutar lantarki a ƙasar Yukren, suka yi ta buɗe makatsai daga nesa, ma'aikata na kallo. Gidaje da ma'aikatu kimanin dubu 225 suka rasa kuran na awoyi. Abin da ya cece su shi ne tsofaffin tashoshinsu na da hannun murɗawa, ma'aikata suka shiga motoci suka je suka mai da wutar da hannu. Cikin Nuwamba na 2023 kuma, a ƙaramin garin Aliquippa na jihar Pansilbaniya, aka kutsa cikin na'urar wata tashar tura ruwan pampo, ƙirar kampanin Unitronics na Isra'ila. Gomnatin Amurka ta ɗora laifin bisa wani gungu mai alaƙa da dakarun juyin juya halin Iran. Ruwan bai gurɓata ba, ma'aikata suka koma aiki da hannu. Da hukumomi suka fitar da gargaɗi, sai ga abin da ke cikinsa: irin waɗannan na'urori na haɗe da intanet kai tsaye, kuma da yawa ba a canza musu lambar sirrin da suka fito da ita daga masana'anta ba, watau 1111. Shekara 11 ke nan bayan gargaɗin Niagara.

Shi dai Tridium ya canza hali ƙwarai. Cikin 2015 ya fitar da Niagara 4, wadda aka sake wa gini ta fuskar tsaro, ana ɓoye saƙonninta da kalmominta yadda ya kamata, daga baya kuma ya daina tallafa wa tsohon samfurin AX wanda aka sami ɓarakar a cikinsa. Daina tallafi na nufin ba sauran faci, ko da an gano sabuwar kafa, ga duk wanda bai sauya akwatinsa ba. Aikin ICS-CERT ya koma ƙarƙashin hukumar CISA da aka kafa cikin 2018. Cikin Yuli na 2025, masu binciken kampanin Nozomi Networks suka bayyana kurakurai fiye da 10 cikin Niagara 4 ɗin kanta, waɗanda ake iya amfani da su in an kafa tsarin ba daidai ba, aka kashe ɓoye saƙonni. A wannan karon facin ya riga sanarwar fitowa. Saura ƴan kwangila su zagaya ɗakunan wayoyi, gini bayan gini, su liƙa shi.